Farantin da Aka Ware wa Jamila

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Makarantar Islamiyya ta masallacinmu na Morrisania, da sauran 'yan kwamiti, da malamanmu maza da mata.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina yi muku sannu da ɗawainiyar 'ya'yanmu. Na san don Allah kuke barin hutunku na Asabar kuna sauka ɗakin ƙasan masallacin nan kuna fama da hayaniyar yara. Allah ya saka muku da alheri.

Sunana Ramatu, 'yar zangon Kumasi, mahaifiyar Sadiya da ke ajin 'yan mata na tsakiya. Aikina kula da tsofaffi a gidajensu, har Asabar ina bakin aiki, shi ya sa ba ku cika ganina a makaranta ba sai ranar da girki ya zagayo kaina. Ban so wannan magana ta fito fili ba. Na kira Malama mai kula da 'yan mata a waya, ta ce in bar zancen kada a tayar da ƙura. Na aika wa Alhaji saƙo ta bakin maigidana, aka ce za a duba. Tun kafin sanyi ya shigo ake dubawa, ga shi yanzu har an fara cire manyan riguna. Saboda haka na rubuto inda duk iyaye za su gani, kuma wallahi da kunya nake rubutawa, don abin kunyar namu ne duka.

Na ɗaya. Kun san Sista Wanda, maƙwabciyata baƙar Ba'amurkiya da ke hawan da ke saman nawa. Idan akwai wanda ya manta ta, bari in tuna masa. Lokacin da Sadiya take aji biyu a makarantar gwamnati, yara suka sa ta gaba suna toshe hanci idan ta wuce, suna cewa 'yan Afirka wari suke. Malamar ajin, maimakon ta tsawata musu, sai ta ɗauke kujerar Sadiya ta kai ta bakin taga. Ni a lokacin Turancina na sayen tumatir ne, ko ƙofar ofis na gani sai gabana ya faɗi. Sista Wanda ce ta gan ni ina kuka a matakala, ta sa mayafinta ta raka ni wurin shugaban makarantar. Ta yi ruwa ta yi tsaki a maganar, ba ta huta ba sai da aka mayar da kujerar, aka kuma kira iyayen yaran. Daga nan sunanta ya zagaya cikinmu. Akwai masu karanta wannan wasiƙa da ta raka su irin wannan zaman, wasu har sau biyu. Alhaji da bakinsa ya sa mata albarka a bainar jama'a ranar wata Juma'a. Musulma ce, a Musulunci aka haife ta, mahaifinta ya karɓi addini a garin nan tun yawancinmu ba mu san inda ake kira New York ba.

Na biyu. Ni na kawo jikarta Jamila makarantar nan. Yarinya ce 'yar shekara tara, a hannun kakarta take. Sista Wanda tana neman inda za ta ci gaba da karatu kusa da gida, ni kuma na buɗe baki na cika shi. Na ce mata babu kamar makarantarmu. Abin da na fi yi mata alfahari da shi kuwa shi ne abincin bayan Azahar: yadda iyaye ke karɓa-karɓa wajen girki, a zuba a manyan tire, 'yan mata su kewaye nasu, maza su kewaye nasu, a wanke hannu a yi bismillah a ci tare. Na ce mata mu haka aka rene mu a zango, ɗan mai gida da ɗan baƙo hannu ɗaya suke sawa, kuma yaran da suka ci a tire ɗaya da wuya su tashi da ƙiyayyar juna. Ta ji daɗin wannan magana ƙwarai. Kafin ranar farko Jamila ta sauko falona, muka zauna a ƙasa ni da ita da Sadiya, na koya mata dunƙula shinkafa da hannun dama da cin abin da ke gabanta. Shinkafar tana zubo mata ta tsakanin yatsu, muna ta dariya, har ta iya.

Ranar da ta fara zuwa aka kai ta ajin ƙanana masu alif da ba'un, alhali yarinyar ta haddace surori da dama, karatunta kuma ya fi na Sadiya tsabta, ni uwar Sadiya nake faɗa. Dalilin da aka bayar wai ba ta jin Hausa. Don Allah, Alhaji, wane ɗa ne a cikinsu mai Hausar? Kira naka jikan ka ce ya kawo maka buta, ka ji da yaren da zai amsa maka. Malaman da kansu rabin bayaninsu da Turanci suke yi. Duk da haka Sista Wanda ta ce kowane malami da tsarinsa.

Na uku, kuma shi ne abin da ya hana ni sukuni. Tun daga Asabar ta farko, ba a taɓa barin Jamila ta sa hannu a tire ba. Idan aka kawo abinci, sai a ɗebi nata a farantin takarda, a ɗora cokalin roba, a zaunar da ita a kujera can gefen da ake ajiye takalma. Sauran 'yan mata suna ƙasa sun haɗa kai suna ci suna hira, ita tana zaune sama ita kaɗai da faranti a cinya. Ba sau ɗaya aka yi ba, haka aka yi ta yi mako bayan mako.

Ban sani ba sai ranar girkina. Na tashi da asuba na dafa waakye, wato shinkafa da wake irin namu na Kumasi, da taliya da ƙwai, na soya yajin da muke kira shito, na kai kafin in wuce aiki. Da na dawo na tambayi Sadiya ko abincin ya yi daɗi, sai ta ce ba ta ci ba. Na matsa mata, ta fashe da kuka. Ta ce ta ɗebi nata ta tafi za ta zauna kusa da Jamila, aka daka mata tsawa aka ce ta koma cikin 'yan'uwanta. Ta ce a makarantar ma ba a kiran yarinyar da sunanta, sai dai a ce "'yar akatan nan", irin sunan da muke laƙaba wa baƙaƙen Amurka idan muna cikinmu, wanda duk mun san ba na yabo ba ne. Sannan ta kalle ni ta ce da Turanci, "Mama, irin abin da aka yi mini ne a bakin taga." Abincin da na dafa da hannuna, shi aka zuba a wannan farantin.

Na huɗu. Na ji uzurorin da aka kawo, kuma na auna su, don ba na son in zalunci kowa. Malama ta ce girmamawa ce, wai Amurkawa ba su saba cin hannu ba, ana gudun kada a takura mata. To an tambaye ta? Yarinyar da kowace Asabar take shiga layin wanke hannu tare da sauran, ta wanke tas, sannan a miƙa mata cokali? Kuma yaushe muka fara girmama baƙo a wurin takalma? Wata kuma ta ce ana tsoron kada wani abinci ya ɓata mata jiki. Abincin tire da na faranti ai daga tukunya ɗaya suka fito.

Gaskiyar maganar wata uwa ce ta faɗa mini ita a bakin shagon nama, ba zan kama sunanta ba, ta san kanta. Ta ce, "Ramatu, ke ma kin san 'ya'yan akata ba su da tarbiyya, kada ta koya wa namu rashin kunya. Mu muka ce wa Malama ta raba su." Na gode mata da ta fito fili, ko ba komai ta fi masu lulluɓe abin da sunan girmamawa. Amma ina so iyayen da suka kai wannan buƙata su amsa mini abu guda. A bara ɗan Balaraben nan mai shago a kan kwana ya yi 'yan makonni a makarantar nan. Shi ma ba ya jin Hausa ko ta zo ka ci. A tsakiyar tire aka zaunar da shi, ana tura masa nama gabansa, ana ɗaukar hoto ana turawa a zauren iyaye na waya, kowa yana masha Allah. Babu wanda ya ji tsoron tarbiyyarsa. Mene ne bambancinsa da Jamila, in ba hasken fata ba? Mu da ake bi da ido idan mun shiga manyan shaguna, mu da ake toshe wa 'ya'yanmu hanci, mu ne yau muka sami wadda za mu ware. Kuma yarinyar da muka ware, da a ce za a jera ta da Sadiya, ba wanda zai ce ba 'yan ɗaki ɗaya ba ne.

Na biyar. Ga abin da wannan ya yi wa yarinyar. Jamila ba ta kai ƙara wurin kakarta ba. Abin da kakar ta lura da shi shi ne ta shiga wanke hannu ba ƙaƙƙautawa, tana dirza da sabulu har bayan hannunta ya fara tsagewa. Da aka lallashe ta, sai ta tambayi kakarta ko hannunta yana da wani datti ne da ita ba ta gani. Daga ranar ba ta sake zuwa makaranta ba, kuma har yau babu malami ɗaya da ya kira ya tambayi ina take.

Sista Wanda ta tare ni a matakala ta gaya mini wannan. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta ce mahaifiyarta ta tashi a kudancin ƙasar nan, a zamanin da baƙar fata ke da famfon shan ruwansa daban, makarantarsa daban. Ta ce duk rayuwarta tana shirya 'ya'yanta da jikokinta don ranar da za su gamu da irin wannan, a makarantar gwamnati ko a wurin aiki, amma ba ta taɓa tunanin ta shirya Jamila don masallaci ba. Na tsaya riƙe da ledar cefane, na rasa inda zan sa idona. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Tun daga ranar, idan na ji takunta tana saukowa, sai in tsaya a bayan ƙofata har ta wuce, ni da ko gishiri ya ƙare mini ɗakinta nake hawa.

Saboda haka ina roƙon kwamiti abubuwa kamar haka. A daina ware wa kowane yaro faranti, sai in iyayensa ne suka nema. A hana kiran kowa da sunan nan a makaranta, manya su fara bari kafin yara. A gwada karatun duk yaron da ya zo a sa shi ajin da ya dace da shi, ba a duba daga inda kakanninsa suka fito ba. Alhaji ya tara iyaye a yi maganar nan ƙeƙe-da-ƙeƙe, don a ɗakunanmu yara ke jin abin da suke kawowa makaranta. Mafi girman roƙona kuwa, Alhaji da Malama su taka da ƙafarsu su hau benen nan namu, su zauna gaban yarinyar, su kira ta da sunanta, su gaya mata hannunta ba shi da komai, laifin namu ne. Ni na gaya mata, Sadiya ta gaya mata, amma ba mu muka miƙa mata cokalin ba, don haka ba daga bakinmu take jiran ji ba.

Lokaci kuma ya ƙure. Asabar mai zuwa ce walimar rufe zangon karatu, kuma an sanar a zauren iyaye cewa kowa ya kawo abinci. Sista Wanda tana cikin zauren har yanzu, ba ta fita ba. Shekaranjiya ta ƙwanƙwasa ƙofata. Ta ce ta sayo kaji a shagon naman mutanenmu, za ta gasa su ta haɗa da makaroni irin na gidansu, babban tire guda, don yaran su ci tare. Ta ce Jamila ta ce ba za ta je ba, ita kuma ba za ta tilasta mata ba, ko zan taimaka in kai mata abincin. Na ce to, don na rasa bakin da zan ce a'a da shi.

Zan kawo tiren ranar Asabar in ajiye a gabanku. Idan kun hau benen nan kafin ranar, wataƙila mu shigo mu uku, ni da Sadiya da Jamila. Idan ba ku hau ba, sai ku buɗe shi ku tara 'ya'yanku, su sa hannu su ci girkin kakar yarinyar da kuka hana ta sa hannu a naku. Ni dai zan ajiye in fita, ba zan iya tsayawa in kalla ba.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da nisan kwana, ya ba kwamiti ƙarfin zuciyar gyara abin da ya ɓaci. Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya wanke zukatanmu daga raina bayinsa. Allah ya sanyaya zuciyar Jamila, kada ya sa ta ƙi ɗakinsa saboda mu.

Wassalamu alaikum.

Taku cikin girmamawa da jin kunya,
Ramatu, mahaifiyar Sadiya,
Morrisania, Bronx.