Abin da Ban Faɗa wa Baba Ba

Hobart, 9 ga Yuli

Zuwa ga Yaya Melesete,

Gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Baba da duk mutanen tsibirinmu Nukufetau. Allah ya ƙara wa Baba sauƙin gwiwar nan. Ni lafiyata ƙalau, ina ci, ina zuwa aiki. Sanyi ne dai, shi ma na daina jinsa.

Saƙonki ya iso, cewa wa'adin takardar ƙaurar Baba zuwa nan, saboda tekun da ke cin tsibirinmu, ya wuce ranar Juma'a bai sa hannu ba, har kina zargin kanki. Yaya, ki bar zargin. Ni ce.

Kin san aikina, wanda kike ce wa tsintar tsakuwa a shinkafa. Laka ake haƙowa daga ƙasan teku, in wanke, in zauna da jiƙaƙƙen buroshi ina tsince ɓawon wasu ƙananan halittu ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. 'Yan'uwan waɗanda ɓawonsu ya zama yashin bakin ruwanmu ne. Suna zama da gansakuka a jikinsu, su ba ta masauki, ita ta ciyar da su. Waɗanda nake tsincewa sun mutu shekara miliyan hamsin da shida da suka wuce, lokacin da teku ya taɓa yin mugun zafi.

To, a watan Mayu Baba ya kira ni. Ya ce tunda na yi boko har ya yi mini yawa, in gaya masa gaskiya, zuriyar waɗancan ƙwarin nawa sun tsira ko sun ƙare. In sun tsira, shi ma ba inda za shi, domin ba zai bar kabarin Mama ba mai zuba masa farin yashi a sabuwar shekara ba. Na ce masa sun tsira. Ya yi dariya, ya ce ashe ƙwaro ma ya fi 'ya'yansa zuciya.

Ban yi ƙarya ba. Amma ban ce masa da yawansu barin wurin zafin suka yi suka koma inda ruwa ke da sanyi ba. Ban ce masa sai da aka yi shekara fiye da dubu ɗari kafin teku ya huce ba. Wallahi ba ɓoyewa na yi ba. A ɗakin bincikenmu, waɗannan shekarun ɗan guntun laka ne da nake wankewa kafin shayin rana. Dakta Prue, shugabata, kullum cewa take ai abin bai daɗe ba, mu kuma mu gyaɗa kai. Bakina ya saba, shi ke nan. Sai da na ajiye waya da kwana uku na tuna Baba shekararsa saba'in da huɗu. Na ɗauki wayar sau biyu, na ajiye.

Na zaci zan yi kuka da na karanta saƙonki. Ban yi ba. Na koma na tsince ɓawo ɗari uku, na rufe, na tafi gida.

Ki gaida Goggo Sulufaiga da mijinki Penitala da su Kilifi. Ko ki karanta wa Baba wannan ko ki bari, duk wanda kika zaɓa daidai ne, wa'adin dai ya wuce.

Kwalbar yashin da Baba ya ba Fasto ya kawo mini, wai in duba masa lafiyar nasa ƙwarin, na duba jiya. Duk tsofaffin ɓawo ne da ruwa ya goge, ban ga sabo ko ɗaya ba. Ki ce masa yashin ya iso.

Ƙanwarki,
Seluia