Kwalin da Ya Dawo Babu Faifai

Zuwa gare ki Chizuru, hasken da ke kwanciya a kan tafkin Matsue da yamma, furen da ya riga sauran furanni buɗe ido tun ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, sanyin idona, kuma zafin da ya hana ƙirjina sakat.

Yara sun tashi, ban ko goge allo ba. Ina zaune a ɗakin malamai, ga kwalin faifan garmahon nan a gabana. Na kasa ajiye shi, na kuma kasa daina kallonsa. Tun ranar da aka dawo mini da shi daga gidanku, ɗaure cikin ƙyalle, ban ji muryarki ba. Na bi ta ƙofar shagon alewarku har maƙwabta sun fara gane takalmina. Ƙamshin jan wake da sukari yana fitowa ya tare ni, ke kuwa ba kya fitowa. Wane irin gari ne wannan, da ƙamshin mutum zai gaishe ka amma mai ƙamshin ya ɓuya?

Kin tuna ranar da ruwan sama ya kora mu gidan shayin bakin gada? Ba mu san juna sosai ba a lokacin. Mai shagon ya ɗora waƙar samarin nan biyu masu jita, sai kika ɗauki muryar sama a hankali, kina juya cokali a kofi, ni kuma na shiga ta ƙasa ban san na shiga ba. Kika dube ni kika ce, "Malam, da wannan muryar ta kwaɗon gonar shinkafa kake koya wa 'ya'yan mutane waƙa?" Na ce kwaɗo ba ya kuka sai ya ga ruwa. Kika yi dariya har kika rufe baki da hannun riga. Ruwan ya ɗauke, ba mu tashi ba. Ranar na gane abin da na shekara ina faɗa wa ɗalibaina ban fahimce shi ba, cewa murya biyu idan suka dace, kunne ba ya iya gane inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara.

Shi ya sa da aka tattara fitattun waƙoƙinsu a faifai guda, na shiga layi tun da safe. Yau babu inda ba a jin sa, daga shagon aski har motar mai sayar da kifi, an ce babu faifan da aka taɓa saye kamarsa. Amma ni ba na garin na saya ba, namu na saya. Ranar kai kayan baiko, kawuna ya jera komai bisa ƙa'ida: busasshen ganyen teku, farin zare, mafici, kowanne da fatan da yake ɗauke da shi. Ya yi ta ja mini kunne a hanya, kada bakina ya furta yankewa, ko komawa, ko rabuwa. Bakina bai furta ba. Hannuna ne ya ɗora faifan a gefen tiren, don ki san cewa a cikin kayan dattawa akwai abu ɗaya da ya fito daga ni zuwa ke.

Har yanzu ina ganin kakarki tana ɗaga shi da yatsu biyu. Ta dubi hoton mawaƙan a jikin kwalin, ɗaya a zaune bisa benci, ɗaya a tsaye yana kallon wani gefe. Ta karanta jan rubutun da aka manna a jiki, wai tsarabar ban kwana, domin kowa ya sani mawaƙan sun raba hanya kafin faifan ya fito. Sai ta ce da ni, cikin ladabin da ya fi mari ciwo, "Ɗan nan, almakashi ne ba ka samu a kasuwa ba?" Mahaifinki ya sunkuyar da kai. Ke kuma kina bayan ƙofa riƙe da tiren shayi, kina jin komai. Daga ranar maganar sa rana ta tsaya cak.

Ban ga laifin Kaka ba. Ta ga aure da yawa, tana tsoron abin da ta gani. Amma ya tsuntsuwar da ke tsaye da ƙafa ɗaya a bakin ruwana, ki taya ni faɗa mata: mutanen ne suka rabu, ba waƙar ba. Ki ɗora allurar garmaho a ko'ina a jikin faifan nan, tare za ki same su, numfashi ɗaya suke ja. Wannan na kawo gidanku. Ko akwai wuƙar da za ta shiga tsagin faifai ta fitar da murya ɗaya ta bar ɗaya?

Ga abin da ya sa na kasa yin shiru. Takardar canjin wurin aiki ta fito, an tura ni makarantar tsibirin Oki, zan hau jirgin ruwa a farkon Afrilu. Yarana sun riga sun fara haɗa mini waƙar sallama a ɓoye, ina jin su ta bango suna ɓata muryar sama, ba ni da ƙarfin shiga in gyara musu. Idan na tafi ba a sa rana ba, kin san yadda irin wannan magana take mutuwa a garinmu. Ba wanda zai ce a'a. Gaisuwar sabuwar shekara ce kawai za ta riƙa gajarcewa, har ta daina zuwa.

Na daɗe ban kwance ƙyallen ba, don tsoro. Jiya na kwance. Chizuru, kwalin babu nauyi! Na leƙa, na girgiza, na sa hannu har ƙasa, babu faifai a ciki. Tun jiya zuciyata take kai da komo kamar kwalekwalen masu kamun kifi a ranar iska. Kaka ce ta fasa shi ta zubar da gutsattsarin a bayan shago? Ko ke ce kika zare shi kafin a ɗaure, kika ɓoye shi ƙarƙashin tufafinki? Idan na farko ne, kada ki ɓoye mini, zan ɗauka. Idan na biyu ne, to kin aiko mini da amsa mafi daɗi da aka taɓa aiko wa namiji, kuma kin bar ni ina shakkar ko na karanta daidai.

Ba na roƙon ki saɓa wa gidanku. Zan dawo da kawuna, in durƙusa gaban Kaka, goshina a tabarma, in zauna har ƙafafuna su mutu, hannuna babu komai wannan karon. Abu ɗaya nake roƙo: kafin jirgin ya tashi, ki sanar da ni faifan yana raye. Ranar Lahadi da la'asar zan tsaya a kan gada, daidai inda tagar ɗakinki take kallo. Ki buɗe ta kaɗan, ki ɗora waƙarmu. Ko iska ta kwashe rabi, zan gane.

Idan tagar ba ta buɗe ba, zan tafi da kwalin a cikin jakata, ba zan sayi wani faifan in saka a ciki ba, ko da shi ne ya cika kowane shago a ƙasar nan. Wurin na mutum ɗaya ne.

Naki, mai riƙe da muryar ƙasa har ki ɗauki ta sama,
Motoharu