Butar Ata

Lahadi, 3 ga Afrilu, 1932

Ƙanƙara ta narke, kurege ya fito. Tun da aka kwashe mana dabbobi a kaka, yau na fara ganin abu mai jini yana gudu a filin nan. Suna tsayawa a bakin rami da ƙafa biyu suna yi mana fito kamar su ne masu ƙasar.

Ɗiyata Zere ta daina tambayar babanta, wanda ya tafi neman aiki a hanyar jirgin ƙasa muka ji shiru. Ƙafafunta sun kumbura, in na danna da yatsa wurin ba ya komowa. Shekararta bakwai.

Alhamis, 7 ga Afrilu

Tsoho Nurtaza maƙwabcinmu ya nuna mini yadda ake yi: a tuttula ruwa a rami, a tsuguna, in ya leƙo yana haki a cafke wuyansa. Rijiya da nisa. Bokiti biyu na sha wuya na kawo, ramin ya shanye tas ya bar ni da sakin baki. Sai la'asar na samu ɗaya. Ni Balziya, mai koya wa matan ƙauye karatu, yau ni ce kwance cikin taɓo ina lallashin kurege.

Zere ta ci har ta tsotse ƙashi. Ata, surukina, ya kawar da kai. Wai shi ba ya cin abin rami. Ya koma kan dafaffiyar saiwarsa.

Talata, 19 ga Afrilu

Haushi kamar in fashe. Ruwan da nake karya baya in ɗebo, shi Ata ke cika butarsa da shi yana alwala, a tsanake, har da tsefe gemu. Suruka ba ta ɗaga wa uban miji murya, ko sunansa ba ta faɗi. Yau na ɗaga. Na ce kowace buta da yake zubarwa nama ne yake cirewa daga bakin jikarsa.

Ya ajiye butar ya juya. Da ya zage ni da ya fi mini.

Laraba, 20 ga Afrilu

Na tarar da butar cike a bakin ƙofa, shi kuma yana taimama da ƙasa.

Asabar, 7 ga Mayu

Ya dogara sanda ya bi ni fili. Ya ce ɓarnar ruwa nake yi. Ramin da ya shiga a karkace ba ya ƙoshi, ko rijiyar zan juye masa. In nemi wanda ya miƙe tsaye kamar an soka mashi, ta nan yake fitowa daga barcin hunturu, shi buta ɗaya ma takan isa. Na gwada, na samu uku.

Na ce, "Ata, wanda ba ya ci, ina ya san wannan?"

Ya ce, "Kunne gare ni, ɗiyata. Ke dai yi sauri. Da ciyawa ta bushe za su toshe ƙofa su kwanta, sai kuma baɗi."

Wannan ban sani ba. Ashe abincin namu ma tafiya zai yi.

Laraba, 18 ga Mayu

Kumburin Zere ya saɓe. Ta yi dariya yau, har na tsorata. Ina yanyana nama ina shanyawa a igiya, na hanya.

Ata ba ya tashi. Na kai masa romo kawai, ba nama, ya ture kwanon wajen yarinya. Taurin kai irin nasa ban taɓa gani ba. In yana son ya mutu da tsarkinsa, shi ya sani. Na gaji da roƙo.

Juma'a, 27 ga Mayu

Ya kira ni. "Kada a ɓata ruwa a kaina. Ƙasa ta ishe ni. Ki ɗauki yarinyar nan ku nufi tashar jirgi kafin su kwanta."

Litinin, 30 ga Mayu

Ata ya cika jiya da hantsi.

Nurtaza ya zo shirya shi. Ina kuka ina faɗa, na ce da ya ci ko loma ɗaya da yanzu yana nan, ƙyama ce ta kashe shi. Nurtaza ya dube ni kamar na zare. Ya ce wace ƙyama? A yunwar da aka yi shekarun baya tare suka yi farauta, babu wanda ya kai shi cin kurege a kwarin nan, har kitsen yake lashewa a yatsa.

"Ya ga abin da kike kawowa ba zai ishi baki uku ba, shi ke nan."

Na ɗauki bokiti. Nurtaza yana kirana wai ai mamacin ya ce taimama, ban juyo ba. Na yi ta zarya rijiya har ƙafata ta daina jin ƙasa. An wanke shi da ruwa, har gemun. Ba mu yi farauta ba, Zere ta kwana da ruwan zafi. Ban yi nadama ba, kuma ban san yadda zan yafe masa ba.

Alhamis, 2 ga Yuni

Ramuka sun fara toshewa. Wuni guda, ɗaya tak, shi ma da butar Ata. Jibi za mu kama hanya. Naman igiya ba za a taɓa ba sai can.

Na gasa na ajiye wa Zere. Ta raba biyu ta turo mini rabi. Na mayar.

"Apa, ke fa?"

Na ce abin ramin nan ya gundure ni, ko warinsa ba na so. Ta daɗe tana kallona kafin ta ci.

Akwai sauran saiwa a tukunyar Ata. Ba ta kai ɗacin da na zata ba.