Tsohon da Nake Yi wa Wanka

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Baba? Ya maigidan da yara? Ni lafiya ƙalau, ki kwantar da hankalinki.

Aikin nan da na ce miki na samu, ba na ofis ba ne. Guzurina ne ya kusa ƙarewa, sai na nemi aikin sa-kai a gidan kula da tsofaffi. Babu albashi, amma akwai abinci sau biyu da gado, kuma gadon ba laifi in mutum ya saba.

Kullum da safe nakan yi wa wani tsoho wanka, in shafa masa mai, in yanke masa farce. Ni da kika sha roƙo in kama miki mu juya Baba, ina cewa warin ɗakin na tayar min da zuciya! Jiya ina durƙushe ina goge masa ƙafa, sai ya dafa kaina ya ce, "Ubanka ya yi sa'ar ɗa."

Wallahi Yaya, buɗar bakina sai na ce na gode.

Kada ki karanta wa Baba wannan, ki dai gaishe shi. Ke kuwa, Allah ya biya ki.

Ƙaninki,
Auta