Yadda Nini Ta Cafke Mai Bakso

Cirandu, Garut,
Watan Shawwal.

Zuwa ga yayana Komar, direban manya a Jidda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo maka gaisuwa irin ta ƙane mai ladabi, ko da yake na san za ka ce ba ka taɓa ganin ladabin nan da idonka ba. Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya, ya kuma sa albarka a tumbin da muka gani a hoton salla. Kakarmu Nini ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta tambaya ko matashin kai ka cusa a riga. Mu nan lafiya lau. Umma ta warke daga tarin da ya dame ta da azumi, shinkafar gonar gangare ta yi kyau, Yaya Nining kuma ta haifi namiji mai kunnuwa irin naka, Allah ya ba shi haƙuri.

Yanzu in kana tuƙi ka faka. Fasfon Baba ya fito. Baba zai zo Hajji bana.

Ka san halin da muke ciki. Tun kafin gashin kanka ya fara gudu Baba ya shiga layin Hajji, sai bana sunansa ya fito. Da ya je karɓar fasfo aka ce an riƙe, wai akwai rahoto daga hukumar leƙen asiri cewa yana koya wa samari faɗa a makarantarsa ta Alƙur'ani. Faɗan kuwa ka san shi, wasan silat ɗin nan ne da muke yi da gora ranar Mauludi, wanda ni dukan da nake sha ya fi wanda nake bayarwa. Ofishin fasfo suka ce sai masu rahoto sun janye, masu rahoto suka ce su ba su san da wani rahoto ba. Baba ya daina zancen, ya daina cin abincin kirki. In lokacin biza ya wuce za a ba wani kujerarsa, kuma ni da kai mun san shekarun Baba ba za su kai ƙarshen wani layin ba.

Kowa a garin nan ya san inda rahoton ya fito. Bayan tafiyarka wani mai amalanken bakso, romon nan mai ƙwallon nama, ya sauka, ya ce sunansa Oding. Yaya, ban taɓa cin ƙwallon nama irin nasa ba, in ka jefa a ƙasa sai ya dawo hannunka, romon kuma kamar ruwan wanke kwano. Takalminsa kullum a goge, kuma ba ya tsayawa ko'ina sai ƙofar makarantarmu, inda ba mai iya saye. Ko akuyar liman ta gane ɗan leƙen asiri ne. Ni nakan je in ce ranka ya daɗe kwamanda a zuba min kwano guda, ya yi kamar bai ji ba. Amma Nini ta ce ko ɗan leƙen asiri ne ai ɗan wata ne, kuma ba za ta zuba ido ana wulaƙanta nama a unguwarta ba. Ta ja shi kicin ta koya masa kirɓa nama da ƙanƙara da tafarnuwa. Da zazzaɓi ya kayar da shi, ita ta shafa masa mai ta kankare masa baya da kwabo har ya yi ja. Shi kuma yana kawo mata man zafi na gwiwa. Wata safiya aka wayi gari ba shi ba amalanke, ba ko sallama.

Ana nan sai ga labari cewa kwamitin majalisa mai sa ido kan hukumomin leƙen asiri zai zo daga Jakarta ya zauna a ɗakin taron gunduma, duk mai ƙorafi ya zo. Baba ya ce ba zai je ba, wai wanda aikinsa jin sirrin kowa wa zai tuhume shi. Na ce masa ashe su ma suna da mai duba musu allo kamar yadda yake duba namu, to mu je mu ga ana yi musu gyara. Nini ta ɗaura zanenta na biki ta ce ko a goye sai an je. Baba ya biyo mu kamar wanda za a cire wa haƙori.

Shugabar kwamitin wata 'yar ƙaramar mace ce, Hajiya Rukmini, tabarau a kan hanci, ba ta ɗaga murya amma kowa na gyara zama. Ta saurari Baba har ƙarshe. Sai wani babban jami'in hukumar, mai gashin baki kamar burushin takalmi, ya miƙe ya ce da dukkan girmamawa ga dattijo, su ba su taɓa tura kowa Cirandu ba, ba su ma san inda take a taswira ba. Hajiya ta ce in ba shaida, ba yadda za ta sa su buɗe abin da suka ce babu. Aka tashi sallar azahar. Baba ya sunkuyar da kai, an mai da shi maƙaryaci a gaban jama'a.

A wajen alwala na gan shi, mai bakson nan namu. Baƙar kwat, sabon aski, yana riƙe da jakar mai gashin baki. Da ya naɗe hannun riga sai ga tabon ƙunar romon da ya samu a kicin ɗin Nini a tsintsiyar hannunsa. Na san in na yi ihu za a ce Jajang ne ya fara halinsa, don ba wanda ke ɗaukar maganata da gaske a garin nan. Saboda haka na shirya wata dabara. Na ɗauko kujera na dasa daidai bakin ɗakin taron, na ce wa Nini nan iska ta fi kaɗawa. Ƙofar kuwa guda ɗaya ce.

Yaya, ka san mu. Wane ɗan ƙasar nan ne tsohuwa za ta miƙa wa hannu ya wuce? Jama'a suka dawo daga salla, Hajiya a gaba, mai gashin baki na biye, ɗan jaka a baya yana nazarin rufin ɗaki. Nini ta ɗaga ido ta ce la, Oding ɗan nema, ta miƙa hannu. Wallahi na ga ƙafarsa tana son wucewa, amma bayansa ya riga ya rusuna. Ya kama hannun ya kai goshi, kafin hankalinsa ya dawo bakinsa ya tambaye ta ya gwiwar, ko man nan ya ƙare. Ita kuwa ta damƙe shi ta shiga faɗa da muryar nan tata da ake ji daga masallaci, wai haka ake yi, a ci a sha a gidan mutane a tafi ba sallama, wai ga shi duk ya rame, wa ke ciyar da shi, har yanzu yana cika gishiri? Ni kuma na ce tun da Allah ya haɗa mu, a zuba min kwano guda ban da yaji. Ɗakin ya ɓarke da dariya. Gashin bakin nan kuwa ya kwanta kamar kazar da ruwa ya doka.

Hajiya ta cire tabarau ta ce a ba bawan Allahn nan kujera a gaba. Aka ɗaga Alƙur'ani saman kansa ya yi rantsuwa. Ya dubi ubangidansa, ya dubi Nini, sannan ya ce ya zauna Cirandu, kuma da umarni aka tura shi. Ya ce abin da ya kai sama shi ne dattijo na koyar da karatu, yara na wasan gora, shi ke nan. A wani tebur can sama ne gora ta zama makami, don ofis ya nuna yana aiki. Daga nan aka fitar da mu aka rufe ƙofa, wai sauran na sirri ne. Kunnena ya yi iya ƙoƙarinsa a jikin katako bai samo komai ba, amma jami'in ya fito kwat ɗinsa sharkaf da gumi. Hajiya ta zo da kanta ta ba Baba haƙuri a gaban kowa, ta ce don kare irinsa aka kafa hukumar, kuma kwamiti zai bi sauran rahotannin ofishin ɗaya bayan ɗaya. Nini ba ta sake ta ba sai da ta yi alkawarin ba wanda zai taɓa Oding saboda gaskiyar da ya faɗa.

Ba a daɗe ba aka kira Baba ya karɓi fasfo. A bayan motar ɗaukar kabeji muka dawo da shi, samari na buga mandiri tun daga gada, mata na fitowa da ludayi a hannu. Ya yi sujada a ƙofar makaranta, ya taso gemu jiƙe, ya ce yau dai shaƙiyancin Jajang ya yi rana. Na roƙe shi ya maimaita don shaidu su ji da kyau, ya kai min duka da carbi yana dariya.

To ka nemi hutu wurin maigidanka tun yanzu. Umma da Nini suna sa maka albarka, Yaya Nining da mijinta Engkos suna gaishe ka, Kawu Oman ma haka. Ka gai da Dadang ɗan Kawu in ka leƙa Madina. Baba kuma ya ce in gaya maka, in ka hango shi a filin jirgi kada ka yi kuka a gaban Larabawa, shi zai yi na ku biyu.

Ƙanenka da yanzu ake gaisarwa da hannu biyu,
Jajang.