Kifin da Ke Hoton Sabiru

Jidda, 9 ga Rajab

Zuwa ga Yaya Ummukulsum,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna? Ya yara, ya damina? Allah Ya sa gero ya yi a Baure.

Ni lafiya lau, kada Inna ta damu. Aikina a jirgin kamun kifi ba wuya, wankin kafet ne kawai. Hannuna ne ya ɗan tsattsage.

An ce Sabiru ɗan Baffa ya aiko da hoto rungume da ƙaton kifi, har Zubaida da nake nema ta karɓa tana nuna wa ƙawaye. Yaya, ni fa na kawo shi wurin Balaraben nan mai jirgin! Ran nan na wanke kafet da ruwan teku, don wanda ya tashi yana jan guga gaba ashirin ba ya zubar da ruwan sha a ƙasa. Kafet ya ƙandare, fari fat da gishiri, ƙarni ya ƙaru. Sabiru da bai san zafin igiya ba ya tuttula jarka huɗu ta ruwan daɗi, aka ce shi ne mai hankali. Yanzu da shi ake fita teku, ni ina gaɓa da buroshi.

Ba hassada nake ba, Allah Ya ƙara masa. A sa ni a addu'a, a aiko mini da man kaɗanya.

Amma ki gaya wa Zubaida, kifin nan riƙo kawai aka ba shi. Jinin kifin kuwa kwana biyu na yi a durƙushe ina kankarewa daga kafet.

Ƙaninki,
Ja'afaru