Madubin da Ya Fi Ƙarfin Keke

Litinin. Aikin farko: goge raɓa daga jikin madubi.

Zaharaddini ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da iyali da mutanen Rijiyar Zaki. Takarda na rubuto don in na kira ka a waya zan faɗi abin da zan yi nadama.

Cewa na yi ka zaɓo min madubin hangen nesa na ɗan koyo, mara tsada, wanda zan ɗaure a bayan keke in fita bayan gari, in nuna wa ɗalibaina na Islamiyya wata da Zara da Kaza da 'ya'yanta. Sai ka aiko min da abu kamar ganga, da ƙyar ni da direba muka sauke shi daga motar Gezawa. Keke ya ƙi shi. A tsakar gida dalbejiya ta tare yamma, dole na hau da shi soro.

Jinjirin wata da Zara ƙasa-ƙasa suke bayan magariba, daidai saitin gidan Alhaji Basiru da ke ƙarshen layinmu. Jiya ya kai ƙarata wurin mai unguwa, wai ina leƙa masa iyali. Yau ajin 'yan matan da nake koyarwa rabinsa wayam, iyaye sun hana su zuwa. Na shekara arba'in ba a taɓa jifana da irin wannan ba, kuma kai ka jawo min.

Yayanka,
Sama'ilu

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Allah ya huci zuciyarka, a gaida Inna.

Wallahi gata na yi maka. Madubi da faɗin bakinsa yake tara haske. Ƙananan nan na kwali mai hoto kayan wasa ne, iska kaɗan ƙafarsu ta hau rawa. Wannan kuwa wani malamin jami'a ne ya sakar min shi da araha.

Amma Yaya, ka tsallake wani abu. Maiɗakinka Yaya Aina'u ta ce kullum da magariba kake shelar za a hau sama, matan layin su bar murhu su shige ɗaki, tuwo ya yi ta ƙonewa. Shelar nan ai ta mai gyaran indararo ce, sau ɗaya a shekara. Ta ce kuma ran Asabar ka hau ba shela. Wannan ma ni na jawo?

Ka kira Alhajin ya leƙa da idonsa, in ya ga wata zai sauko.

Ƙanenka,
Zaharaddini

*

Zaharaddini,

Bayan gaisuwa. Aina'u ba ta yi ƙarya ba. Kunyar tashin mata daga girki ce ta sa na hau shiru ran Asabar. Na yi ta juya abin a raina, har yanzu ban san wanne ya fi muni ba, shelar ko shirun. Amma da ka aiko abin da keke zai ɗauka, me zai kai ni soro?

Na bi shawararka. Na yi shela, muka hau da mai unguwa da Alhaji Basiru. Mai unguwa ya ga ramukan wata ya yi ta tasbihi, har na fara murna. Alhaji ko kallon sama bai yi ba. Danna bakin madubin ya yi ƙasa, ya murɗa, sai ga zanin maiɗakinsa a kan igiyar shanya, a kife, har zaren jiki ana gani. Na rantse masa ban taɓa saukar da shi haka ba.

Ya ɗago ya ce, "Na yarda, Malam. Amma in ka ga dama za ka iya?"

An hana ni hawa soro da shi, an ba Malam Kamilu ajina sai bayan kaka a duba. Kai da ke zaune a gidan haya mai bene, ka manta yadda ake zama da mutane. Kada ka ƙara ba ni shawara.

Sama'ilu

*

Yaya,

Salam. Na ji, kuma ka yi haƙuri. Wanda ni nake sha'awa na zaɓa, ban yi tunanin kekenka ba. Na samu mai son musaya da ƙarami, ƙafarsa ana naɗewa, duka yana shiga jakar goyo. Wata da Zara zai nuna su tas, taurari masu dishi-dishi kuwa sai haƙuri. In karɓa?

Zaharaddini

*

Zaharaddini,

Salam. Karɓo, amma ban huce ba. Na je na ba Alhaji haƙuri, ya ce Allah ya yafe mana, da safe sai ga magina suna ƙara wa katangarsa tsawo. 'Ya'yansa mata ko ajin Malam Kamilu ba su koma ba.

Na gobe:
Nemo igiya a sauko da gangarka.
Yin shela kafin hawa.
Kai ta tasha.
Tambayar Malam Kamilu a wace sura yaran suka tsaya.

Sama'ilu